Zaizayar Ma'ana: Binciken Karalyn Patterson Kan Ciwon Mantuwa da Harshe

Taskar ma'ana ita ce ɓangaren tunanin ɗan Adam da yake riƙe da sanin duniya: cewa raƙumi yana da tozo, cewa da almakashi ake yanka yadi, cewa gauraka tsuntsu ne. Sani ne da ba shi da rana, ba shi da wuri. Kowa ya san zuma tana da zaƙi, amma babu mai iya faɗin ranar da ya fara sani. A shekarar 1972 Endel Tulving, masanin tunanin ɗan Adam haifaffen Estoniya da ya yi yawancin aikinsa a Kanada, ya raba wannan taska da wata daban, wadda take ajiye abin da ya faru da mutum shi kansa: abincin da ya ci jiya da dare, baƙon da ya zo gaishe shi da safe, inda ya ajiye makulli. Wannan ta biyu ita ce taskar aukuwa. A lokacin, rabewar shawara ce kawai a kan takarda. Masu ciwon mantuwa ne suka nuna cewa da gaske taskokin biyu ne, domin ɗaya tana iya rushewa ɗayar tana tsaye.

Ciwon mantuwa, wanda a gida aka fi kira gigin tsufa, suna ne da ya tattara cututtuka da dama masu cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. Ita Alzheimer yawanci takan fara ne daga hifokamfas, wani ƙaramin sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, don haka taskar aukuwa ce take fara taɓuwa: tsoho ya yi tambaya, a ba shi amsa, ya sake yin ta bayan minti biyar. Amma akwai wani nau'i da bai kai ta yawa ba, wanda yake bi ta wata ƙofa. Mai shi yana tuna jiya sarai, yana gane hanya, yana lissafin kuɗinsa daidai, sai dai ma'anar kalmomi da ta abubuwa ce take zubewa daga kansa. Shi ne ciwon zaizayar ma'ana, kuma a kansa Karalyn Patterson ta yi aikin da aka fi saninta da shi.

An daɗe ana ganin ciwon ana wucewa. A 1892 Arnold Pick, likita a birnin Firag, ya ba da labarin wani dattijo da maganarsa ta lalace, aka kuma tarar gefen ƙwaƙwalwarsa na hagu ya motse. A 1943 Tsuneo Imura na Japan ya bayyana wata matsalar magana da ya kira gogi, wato ma'anar kalma. Wadda ta haɗa abin da ra'ayin Tulving ita ce Elizabeth Warrington ta Landan, a 1975, da ta yi nazarin marasa lafiya uku. Ta lura cewa za su iya cewa abin da ke cikin hoto dabba ce, amma wace dabba, ina take rayuwa, me take ci, duk ya tafi. A 1989 Julie Snowden da abokan aikinta a Manchesta suka raɗa wa ciwon sunan da ake kiransa da shi yanzu. Sai a 1992 likita John Hodges da Patterson da wasu abokan aiki biyu suka wallafa bayanin marasa lafiya biyar a mujallar Brain, inda suka fayyace alamominsa tare da nuna wurin da yake ci: can gaban ɓangaren ƙwaƙwalwa na gefe, wanda yake tsakanin ido da kunne, a hagu da dama duka, amma galibi ya fi tsanani a hagu.

Patterson haifaffiyar Amurka ce, ta yi digirinta na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, sannan ta koma Kambirij ta Ingila a tsakiyar shekarun 1970, inda ta zauna a cibiyar binciken tunani ta hukumar binciken lafiya ta Birtaniya. Ta fara ne da nazarin yadda karatu yake lalacewa bayan rauni a ƙwaƙwalwa, kuma wannan tushe ya ba ta ido na musamman. Inda likita yake tambayar me mara lafiya ya kasa, ita takan tsaya a kan irin kuskuren da ya yi, domin kuskure yana nuna tsarin abin da ya rage.

Wani labari da ita da abokan aikinta suka buɗe maƙalarsu ta 2007 da shi ya isa ya nuna ciwon. Wani mutum da matarsa suna cikin mota a karkarar Ingila za su ziyarci aboki. Sun daɗe ba su bi hanyar ba, amma shi ne yake tuna mata inda za ta karya kwana. Can sai ya nuna tumaki suna kiwo a fili, ya tambaye ta waɗancan mene ne. Mutum ne da ya rayu a ƙasar da tumaki suke ko'ina, kuma har ya kusa shekara hamsin saninsa lafiya lau yake. Maganar irin waɗannan marasa lafiya tana fita sumul, da nahawu daidai da karin murya daidai, har baƙo ba zai gane da matsala ba sai ya saurara da kyau, ya ji cewa sunaye sun ƙare, saura "abu" da "wancan" da "wurin nan". Idan aka faɗa wa mutum doguwar kalma mai wuyar furtawa zai maimaita ta tsaf, sannan ya juyo ya tambayi me take nufi.

Abin da ya fi muhimmanci a binciken Kambirij shi ne gano cewa zaizayar tana da tsari. Hodges da Naida Graham da Patterson sun bi wani mara lafiya tsawon lokaci, suna nuna masa hotuna iri ɗaya lokaci bayan lokaci. Tsuntsun da da farko yake kiransa da sunansa, bayan watanni ya koma "tsuntsu" kawai, daga baya ya zama kyanwa ko kare, a ƙarshe "dabba". Sani yana bajewa ne daga keɓantacce zuwa gama-gari. Abubuwa biyu suke yanke wanda zai fara tafiya. Na farko yawan mu'amala: kalmar da ake ji kullum ta fi wadda ake ji jefi-jefi daɗewa. Na biyu, wanda Patterson ta fi dagewa a kai, shi ne kama da 'yan'uwa. Siffar da dabbobi da yawa suka yi tarayya a kanta, kamar ƙafa huɗu da wutsiya da kunne biyu, tana daɗewa. Siffar da ta bambanta dabba ɗaya da sauran, kamar tozo ko haure ko zane, ita take fara ɓacewa. An nuna wa wani hoton jakin dawa ya ce doki ne, sannan ya ɗora yatsa a kan zanen jikinsa yana tambayar amfanin waɗannan layuka.

Mai musu zai iya cewa ai sunaye ne kawai suka ɓace, sanin yana nan. Don rufe wannan ƙofa aka ƙirƙiro gwaje-gwajen da ba su buƙatar magana. Wanda ya fi shahara shi ne na dala da itacen dabino, wanda David Howard da Patterson suka fitar a 1992, mai tambayoyi 52. Ana ajiye hoton dalar Masar a sama, a ƙasa kuma itacen dabino da wani itacen ƙasashen sanyi, a ce mutum ya nuna wanda ya dace da dalar. Masu wannan ciwo suna faɗuwa a gwajin ko da hotuna aka yi shi ko da kalmomi. Haka suke kasa haɗa ƙarar abu da hotonsa, suke kasa sanin launin da ya dace da kayan marmari, suke riƙe kayan aikin da ba su saba da shi ba ta inda bai dace ba. Gwajin zane ya fi kowanne taɓa zuciya. Idan hoto yana gabansu suna kwafarsa daidai, alamar ido da hannu lafiya suke. Idan aka ɗauke hoton aka bar su 'yan daƙiƙoƙi kafin su zana, sai raƙumi ya fito babu tozo, karkanda babu ƙaho, agwagwa kuma ta fito da ƙafa huɗu. Sasha Bozeat da abokan aikinta sun wallafa wannan a 2003. A cikin 'yan daƙiƙoƙin nan hoton ya bar ido ya koma hannun sani, shi kuwa sanin da ya rage cewa yake dabba ƙafa huɗu gare ta. A wani gwajin an nuna giwa biyu, ɗaya da faffaɗan kunnenta na gaskiya, ɗaya da ƙaramin kunnen biri, aka ce su zaɓi ta gaske. Waɗanda ciwon ya yi nisa sukan zaɓi mai kunnen biri, domin ita ta fi kama da sauran dabbobi.

Daga nan binciken ya shiga harshe kansa, kuma nan ne Patterson ta faɗi abin da ya tayar da ƙura. Akwai ayyukan harshe da aka daɗe ana ɗauka ba ruwansu da ma'ana: karanta kalma a bayyane, rubuta ta, juya aikatau zuwa shuɗaɗɗen lokaci, maimaita jerin kalmomi. Ta nuna cewa duk suna lalacewa idan ma'ana ta zaizaye, kuma ta hanya ɗaya. Rubutun Ingilishi cike yake da kalmomin da ba a furta su yadda aka rubuta. Kalmar pint ta yi kama da mint a rubuce, amma wasalinsu ya bambanta a baki. Mai wannan ciwo yana karanta mint daidai, sai ya karanta pint da wasalin mint. Haka a aikatau: yawancinsu ƙara musu ed ake yi a ƙarshe, kuma waɗannan ba ya kuskurensu, amma masu saɓa wa ƙa'ida sai ya ja su zuwa ƙa'ida, ya ce drinked a maimakon drank. A Japan, inda Patterson ta yi aiki da masana na can, marasa lafiya suna karanta rubutun kana, mai bin sauti, amma suna tuntuɓe a kanji, musamman inda harafin yake da karatun da ya saɓa wa na yau da kullum. A 1994 kuma ita da Graham da Hodges sun ba marasa lafiya gajerun jerin kalmomi su maimaita. Kalmomin da mutum yake da sauran ma'anarsu suna fitowa cikakku. Waɗanda ma'anarsu ta tafi sai sautukansu su warwatse, baƙin farkon wannan ya koma kan waccan. Daga nan ta ce ma'ana kamar danƙo take, ita take riƙe sautukan kalma wuri ɗaya. A 2006 ta tattara irin waɗannan nakasu guda shida a maƙala ɗaya, ta nuna cewa tushensu ɗaya: duk abin da ba a yawan haɗuwa da shi, kuma ya saɓa wa 'yan'uwansa, ma'ana ce take tallafe shi, idan ta janye sai ya faɗa cikin gama-gari.

Wannan ƙa'ida tana da abin da za ta ce wa mai nazarin Hausa, ko da yake raunin Hausa ba inda na Ingilishi yake ba ne. Rubutun boko yana bin sauti sosai a baƙaƙe da wasula, amma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gashi na kai da gashi na nama, kuma ma'ana ce take gaya wa mai karatu yadda zai furta. Jam'i ma haka: mota da motoci, tasha da tashoshi suna bin hanyar da baƙin kalmomi suke bi, amma akuya da awaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu, sai wanda ya san kalmar. Idan hasashen Patterson ya game harsuna, a irin waɗannan wurare ya kamata a sa ran tuntuɓe. Gwajin dala da dabino shi ma ba a ɗaukarsa yadda yake a kai wa tsohuwar da ba ta taɓa ganin hoton dalar Masar ba, domin faɗuwarta ba za ta nuna ciwo ba. Gwajin ma'ana dole a gina shi da kayan da mutum ya rayu da su, turmi da taɓarya, guga da rijiya.

Ba kowa ya yarda da ita ba. Max Coltheart na Ostireliya, wanda a shekarun 1980 suka shirya littattafai biyu tare kan lalacewar karatu, yana ganin akwai hanyar karanta kalma da ba ta bi ta ma'ana, kuma abin da ake gani ciwo biyu ne da suka haɗu saboda wurarensu a ƙwaƙwalwa maƙwabta ne. Hujjarsa ita ce 'yan marasa lafiyan da suka rasa ma'ana amma suka ci gaba da karanta kalmomi masu saɓa wa ƙa'ida daidai, kamar wata mata da Myrna Schwartz da abokan aikinta suka bayyana a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Amsar ɓangaren Kambirij ta zo a 2007, lokacin da Anna Woollams da Patterson da wasu suka tattara gwajin karatu sau 100 daga marasa lafiya 51. Alaƙar zaizayar ma'ana da kuskuren karatu ta fito da ƙarfi, kuma 'yan kaɗan da suka tsira da farko sun bi sahun sauran da ciwon ya ƙara nisa. Hujjar adadi tana tare da Patterson, amma mutum ɗaya da ya saɓa wa ƙa'ida ba abin rainawa ba ne a wannan fage, kuma bayanin da aka bayar, cewa mutane sun bambanta tun suna da lafiya a yadda karatunsu ya dogara da ma'ana, yana da wuyar gwadawa bayan ciwo ya riga ya kama.

Babbar tambayar da ke ƙarƙashin duka ita ce inda ma'ana take zaune a ƙwaƙwalwa. Masana da yawa sun yarda cewa sanin abu a warwatse yake: launinsa a sashen gani, ƙararsa a sashen ji, yadda ake riƙe shi a sashen motsi, sunansa a sashen harshe. Patterson da Peter Nestor da Timothy Rogers, a waccan maƙala ta 2007, sun ce wannan bai wadatar ba. Idan sanin a warwatse kawai yake, me ya sa ciwo a wuri ɗaya yake shafe shi ta kowace ƙofa, ta ido da kunne da hannu da kalma? Kuma me yake sa mutum ya san jimina da tsada dangi ne, alhali ba su yi kama ba, ya kuma san kwan lantarki ba ɗan itace ba ne ko da siffarsa ta yi kama da wani? Suka ce dole akwai cibiya da dukan rassan suke haɗuwa a cikinta, kamar tsakiyar wilin keke da wayoyin da suka taso daga gare ta, kuma cibiyar ita ce gaban ɓangaren gefe na hagu da dama. Tun a 2004 Rogers ya gina irin wannan tsari a kwamfuta, ya koya masa abubuwa, sannan ya riƙa tsinka mahaɗansa kaɗan-kaɗan, sai ga shi yana kuskure irin na marasa lafiya, har da ba tsuntsu ƙafa huɗu. Na'urar hoton aikin ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta ganin wannan wuri da kyau saboda kogunan iska da ke kusa da shi a ƙoƙon kai suna ɓata hoton, abin da ya sa aka yi ta tsallake shi. A 2007 ƙungiyar Matthew Lambon Ralph a Manchesta ta yi amfani da maganaɗisu ta rage aikin wurin na ɗan lokaci a mutane masu lafiya, sai suka yi nawa wajen kiran sunan hoto da haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya, amma ba su yi nawa a hukuncin lambobi ba. Har yanzu ana jayayya kan rabon aiki tsakanin ɓangarorin biyu. Guido Gainotti na Italiya yana ganin hagu ya fi riƙe sanin da ke bi ta kalma, dama kuma na hoto da fuska, kuma gaskiya ne waɗanda ciwon ya fi ci ta dama sukan fara da kasa gane mutane.

A cutar Alzheimer ma taskar ma'ana tana taɓuwa, sai dai a hankali, kuma bayan taskar aukuwa. Gwajin da likitoci suke yi mai sauƙi ne: a ce mutum ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, sannan ya lissafo kalmomin da suka fara da wani harafi. Mai Alzheimer yakan fi faɗuwa a dabbobi, domin wannan ne yake buƙatar tsarin ma'ana. Patterson tana cikin waɗanda suka yi aiki da Peter Garrard a 2005 kan littattafan Iris Murdoch, marubuciyar Birtaniya da ta rasu a 1999, aka kuma tabbatar da Alzheimer a ƙwaƙwalwarta. Sun gwama littafinta na farko na 1954 da wanda ya ci mata lambar Booker a 1978 da na ƙarshe na 1995, wanda ta rubuta kafin a gano ciwon. Ginin jimla bai sauya sosai ba, amma kalmomin littafin ƙarshe sun ragu, sun kuma karkata zuwa waɗanda kowa yake amfani da su. An san ta da ƙin yarda a taɓa mata rubutu, don haka abin da ke kan takarda nata ne.

Ya kamata a bambanta rushewar taska da kasa buɗe ta. Elizabeth Jefferies da Lambon Ralph sun nuna a 2006 cewa wasu masu shanyewar jiki suna faɗuwa a gwajin ma'ana, amma yau su sani gobe su kasa, kuma idan aka ɗan faɗa musu sautin farkon kalma sai ta zo. Mai zaizayar ma'ana kuwa abin da ya rasa yau shi zai rasa gobe, kuma taimakon sauti bai cika yi masa amfani ba.

A 2011 wani taron masana ƙarƙashin Maria Luisa Gorno-Tempini ya sa ciwon cikin nau'i uku na lalacewar harshe mai ci gaba, wadda Marsel Mesulam ya fara bayyanawa a 1982. Yakan fara ne tsakanin shekara hamsin da wani abu zuwa sittin da wani abu, ba a cika gadonsa ba, kuma a yawancin masu shi abin da ake samu a ƙwaƙwalwa tarin wani furotin ne mai suna TDP-43, wanda aka gano alaƙarsa da irin waɗannan cututtuka a 2006. Babu maganin da yake tsayar da shi. Da tafiya ta yi tafiya hali yakan sauya: mutum ya kafe kan abinci ɗaya, kan lokaci ɗaya, daga baya maganar ta ƙare. Ana iya sake koyar da kalmomi. Wani mara lafiya da Kim Graham da Patterson suka bi ya riƙa bitar ƙamus mai hotuna kullum, sunayen da yake iya kawowa suka ƙaru sosai, amma da ya bar bita suka sake zubewa, kuma sau da yawa sunan ne ya dawo ba tare da cikakkiyar ma'anarsa ba. Snowden ta lura da abin da ya fi amfani ga iyali: mara lafiya yana gane kayansa na kansa a inda ya saba ganinsu, ya yi aiki da su daidai, amma idan aka kawo masa irinsu na wani, mai launi ko siffa daban, sai ya tsaya yana jujjuya shi. Shi ya sa masu gyaran magana suke koyarwa da hotunan kayan gidan mutum, suke kuma shawartar masu jinya kada su sauya masa kofi ko buta ko mataji, kada su gusar da su daga inda ya saba ajiyewa.